Ruwan Zafi a Ramin Ƙaguwa

Ku rage hasken fitilar nan. Mai jin fitsari ya je yanzu, don in na fara ba mai fita.

Sunan yaron Jazuli. Ɗan Funtuwa ne, ɗan Inna Tabawa mai ƙuli-ƙuli. Shekararsa ashirin da shida, dogo, mai fara'a, sai dai akwai saurin zuciya. Aiki ne ya kai shi Ibadan, a wani kamfanin abincin kaji. Bai fi shekara da aure ba. Matarsa Juwairiyya tana ɗauke da cikin fari, da ya shiga wata tara aka mayar da ita gidan iyayenta a Funtuwa, goyon ciki. Sai ɗaki ya yi wa Jazuli faɗi. Ya dawo daga aiki ba mai yi masa sannu, ya ci abin da ya samu a tsaye, ya kwanta.

Yana da aboki a Legas, Badamasi, tare suka yi firamare. Shi ya daɗe a Agege yana sayar da tayoyi, har ya sayi wata tsohuwar mota. Mutumin kirki ne, amma bakinsa ba ya hutawa. Ran Laraba ya kira.

"Gwauron wucin gadi, yaya kaɗaici?"

"Da godiya."

"Ka shigo ran Juma'a. Kwana biyu kawai. Ka ga gari, ran Lahadi in kai ka bakin teku. In jaririn nan ya iso, kai da yawo sai a mafarki."

Jazuli bai taɓa ganin ruwan da ya fi dam ɗin Mairuwa ba. Ya ce to.

Kafin ya hau jirgin ƙasa ya kira mahaifiyarsa. Ita ba mai doguwar magana da shi ba ce. Ta saurara, sannan ta ce, "Watan yarinyar nan ya tsaya fa."

"Lahadi zan koma Ibadan, Inna."

"To. Allah ya tsare. A riƙa bismilla."

Ta kashe.

Ran Asabar Badamasi ya zaga da shi gari. Suka hau doguwar gadar nan da ke tafiya a kan ruwa, Jazuli ya riƙe ƙofar mota da hannu biyu, bakinsa na motsi. Suka shiga kasuwar cikin tsibiri, inda mutum ba ya tafiya da kansa, tura shi ake yi. Ya ga gidaje na gilashi tun daga ƙasa har sama, ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi. Suka ci tsire wurin wani Basakkwace. Da yamma suka shiga wani katafaren kanti mai matakalar da ke tafiya da kanta. Jazuli ya tsaya a gindinta, ya ɗaga ƙafar dama, ya ce bismillahi da ƙarfi. Wasu 'yan mata biyu suka juyo, suka dube shi, suka rufe baki.

Badamasi ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Malam, bene ne, ba rijiya ba."

"Ka ƙyale ni."

"Gada bismilla, mota bismilla, matakala bismilla. Mutumina, aljanun Legas duk sun tashi. Hayaniya ta kore su."

Jazuli ya yi yaƙe. Amma abin ya zauna masa a rai. Kun san saurayi da jin kunya a gaban mata.

Ran Lahadi suna idar da sallar asuba suka ɗauki hanya. Badamasi ya zuba tabarma a bayan mota, da burodi, da jarkar ruwa, da butar shayi, da ɗan murhun gas. Hanya doguwa. Suka wuce Badagry, suka haye gada, suka miƙa wajen iyakar ƙasa. Can sai itatuwan kwakwa suka fara, sahu bayan sahu. Iska ta sauya, ta yi nauyi, Jazuli ya lashi leɓensa ya ji gishiri.

"Wurin da ake taruwa ya cika hayaniya," in ji Badamasi. "Na san wani wuri, mu kaɗai."

Ya sauka daga kwalta, ya bi wata 'yar hanyar rairayi ta hannun hagu. Ba su yi minti biyar ba taya ta fara nutsewa, suka tsaya.

Jazuli ya fito. Ya tsaya kurum.

Ya nemi tsallaken ruwan, bai gani ba. Ruwa ne ya tafi har ya haɗe da sama. Ya taso kamar katanga, ya faɗi da ƙara kamar ana juye tifar tsakuwa, ya ja da baya, ya sake tasowa. Ba kowa a wurin. Kwale-kwale guda a kife, da tsohuwar raga rabi a binne. Rana ta kusa tsaka.

Ku kuwa kun sani. Tsakar rana, a wurin da ba kowa, ba lokacin mutane ba ne.

Suka shimfiɗa tabarma a gindin wata kwakwa da ta karkace kamar mai ruku'u. Badamasi ya ɗora shayi. Jazuli ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya shiga ruwa iya idon sawu, ya yi ta ɗaukar hotunan da zai nuna wa Juwairiyya. Da ya dawo inuwa sai ya lura da ramuka a cikin rairayin, ƙanana kamar bakin kwalba. Ƙaguwoyi masu launin ƙasa suna fitowa, su yi gudu a kaikaice, su shige.

Rami guda ɗaya ya fi saura girma. Yana dab da gindin kwakwar, faɗinsa kamar bakin kwano. Gefensa sumul, kamar an share da tsintsiya. Ga 'yan ƙananan bawon kifin ruwa an jera su a bakinsa, fari, fari, ja, fari, fari, ja. Iska ba ta jera abu haka.

Jazuli ya sa babban yatsan ƙafarsa, ya watsa jerin. Ya ɗan tura yatsan ciki.

Wata 'yar ƙaguwa ta cafke shi.

Ya yi ƙara, ya yi tsalle da ƙafa ɗaya, ya faɗi zaune daɓas. Ƙaguwar ta saki, ta sulale cikin ramin. Da ya ɗago, ga Badamasi tsaye da waya a hannu, dariya ta hana shi miƙewa.

"Ya shiga bidiyo. Wallahi yau sai 'yan ajinmu sun gani. Jarumin Funtuwa, ƙaguwa ta yi masa kaye ɗaya."

"Goge shi."

"Har amarya zan tura wa, ta ga uban ɗanta."

"Badamasi, goge."

"Bari dai mu je inda waya ke kamawa."

Jazuli ya dubi yatsansa. Ɗan jini ne, bai kai a ce komai ba. Amma zuciya ta riga ta taso masa har wuya. Dariyar jiya ta haɗu da ta yau. A gefensa murfin buta yana ta rawa, ruwa ya tafasa.

Ya naɗe hannu da gefen rigarsa, ya ɗauki butar.

Dariyar Badamasi ta ɗauke.

"Kai, ajiye. Ba a zuba ruwan zafi a rami."

"Ba ka ce sun tashi ba?"

"Wasa nake. To ko bismilla ka yi."

Jazuli ya dube shi ido cikin ido. Ya tsuke baki. Ya tuntsurar da butar a ramin, duka, har ɗigon ƙarshe.

Kada wani ya ce bai sani ba. A gidan da ya tashi, ko ruwan da aka tace daga taliya ba a watsarwa sai an surka da na sanyi, an ambaci Allah, an ce a gafarta. Tun yana rarrafe yake ji. Da gangan ya yi.

Tururi ya taso. Ƙaguwa ba ta fito ba.

Sai teku ya yi shiru. Ruwan ya taso, ya tsaya a sama, bai faɗi ba. A cikin shirun nan suka ji shi, daga ƙarƙashin ƙafafunsu. Siririn kuka. Kukan jariri.

"Tsuntsu ne," in ji Badamasi.

Ba tsuntsu ko ɗaya a sama.

Ba wanda ya ce wa wani a tashi. Suka naɗe tabarma, suka jefa butar wayam a bayan mota, suka shiga. Badamasi ya juya kan mota. Hanyar da suka shigo a minti biyar, suka yi ta tafiya ba ta ƙare ba. Kwakwa, kwakwa, kwakwa. Karkatacciyar nan ta wuce ta gefen Jazuli. Can ta sake wucewa. A karo na uku motar ta mutu da kanta.

Wata mace ce tsaye a tsakiyar hanya.

Doguwa, baƙa, ɗaure da zani jiƙe sharkaf. Da goyo a bayanta, an lulluɓe shi har kai. Ba takalmi. Rairayin nan kuwa a lokacin ko da takalmi sai ka ji shi a tafin ƙafa. Ta taho wajensu. Ba gaba take takowa ba. A kaikaice take tafiya, kafaɗa ɗaya a gaba, kuma duk inda ta ɗaga ƙafa sai ruwa ya cika sawun.

Ta tsaya a tagar Jazuli.

"Sannunku da hutawa."

Hausa tsantsa, irin ta unguwarsu. Sai dai maganar ta riga fitowa, sannan bakin ya motsa.

"Ku rage mini hanya. Yarona ba lafiya."

"Baiwar Allah," in ji Badamasi, "motar ta lalace."

Ba su ji buɗe ƙofa ba. Tana zaune a kujerar baya.

Wari ya cika motar. Warin gishiri, da wani kuma, irin na kazar da aka tsoma a tafasasshen ruwa za a fige. Ruwa mai sanyi ya gangaro daga ƙafafunta, ya bi ta ƙarƙashin kujera, ya taɓa dugadugan Jazuli. Ta kwance goyon, ta ɗora a cinya. Bai juya ba. A madubi ya hango ɗan ƙaramin hannu, fatar ta saɓule kamar safa. Kukan ya yi ƙasa sosai.

"Wasa yake a bakin ƙofa," ta ce. "Tun safe yake jera kayan wasansa. Ƙafa ta zo ta watsa. Ya kama ta. Yaro ne. Haƙoransa huɗu."

Ta shafa kan yaron, ta ci gaba.

"Waye a cikinku?"

"Mama, kuskure ne," in ji Badamasi. "Baƙo ne, bai san wurin ba."

"Kai na ji ka. Ka ce a ajiye. Yi shiru."

Jazuli ya ce, "Ni ne."

"Ka yi sallama?"

"A'a."

"Ka ambaci sunan Allah, mu ji mu kauce?"

"A'a."

"Mantawa ka yi?"

Ƙarya ta zo masa har kan harshe. Ya ji ba za ta wuce ba.

"Ban manta ba."

Ya runtse ido, ya kama karanta Ayatul Kursiyyu. Ta bar shi. Da ya kai tsakiya tsoro ya sarƙe masa harshe, ya tsallake kalma. Daga kujerar baya aka gyara masa, a nutse, yadda malamin allo ke yi.

"Mu ma muna karantawa," ta ce. "Wannan maganin azzalumi ne. Ni haƙƙina na zo karɓa."

Sai kukan ya tsaya.

Ta sunkuya. Ta daɗe a haka. Ta ja gefen zani ta rufe ɗan hannun.

"Ya yi shiru," ta ce.

Ba ta yi hawaye ba. Da ta sake magana, muryar ta yi laushi, kuma laushin ya fi komai ban tsoro.

"Matarka Juwairiyya. Yanzu haka tana zaune a inuwar darbejiya a tsakar gidansu, tana tsinkar zogale. Namiji ne. Saura kwana tara. Ranar wankansa na farko, ungozoma za ta taɓa ruwan, ta ji daidai. Ta sake taɓawa, ta ji daidai. Ina tsaye a bayanta lokacin da za ta tsoma shi."

Jazuli bai san lokacin da ya fita daga motar ba. Ya durƙusa a rairayin mai zafi, a bakin ƙofarta.

"Shi bai yi miki komai ba."

"Nawa me ya yi maka?"

"Ga hannun da ya zuba. Ki ɗauka. Ki yanke shi."

"Me zan yi da hannu? Hannu ba ya kuka. Uwa nake so ta ji abin da na ji."

Ya ga Juwairiyya a ransa, da 'yan rigunan jarirai da ta wanke ta ninke tun wata bakwai. Sai ya faɗi maganar da har yau take hana shi barci.

"Ni ma ina da uwa."

A karon farko ta juyo ta dube shi. Idanunta ba fari a cikinsu, kuma sun ɗan fito waje.

"Tana da rai?"

"Tana da rai."

"Tana son ka?"

Ya buɗe baki, ya rufe. "Uwata ce."

"Kira ta. Ta saurara. In kukanta ya kai nawa, na bar maka jaririnka. In bai kai ba, kwana tara."

Tun isowarsu wurin waya ba ta kamawa. Yanzu bugu ɗaya ta shiga. Bayan motar ya buɗe da kansa. Butar nan da suka jefa wayam tana zaune cike fal, tana tafasa, ba wuta a ƙarƙashinta. Matar ta kwantar da ɗanta a kujera, ta fito, ta ɗauki butar da hannu tsirara. Badamasi aka ba riƙon waya, ya buɗe muryar yadda kowa zai ji.

Aka ɗauka. Ana jin ƙarar mai a kasko, da hirar mata, da wata tana daka.

"Kai ne? Kun taso?"

"Inna, ki yafe mini. Na zuba ruwan zafi a rami."



"Da bismilla?"

"Babu."

Ta sauke numfashi. Ba ta tambayi komai ba kuma. Ta gane.

Matar ta matso da bakinta kusa da wayar. "Tabawa. Ɗanki ya kashe nawa. Saurara."

Jazuli ya miƙa hannun dama. Ya yi niyyar daurewa, don kada Inna ta ji. Niyyar ba ta kai numfashi biyu ba. Matar ba ta yi sauri ba. Siriri ta riƙa zubawa, daga wuyan hannu zuwa yatsu, daga yatsu ta dawo. Butar ba ta raguwa. Ihunsa ya bi cikin itatuwan kwakwa, ya dawo masa.

A waya kuwa, ba komai. Sai numfashi, da raɗar salati.

To ku ji dalili. Jazuli ɗan fari ne. Inna Tabawa irin matan da ne, masu alkunya ta gaske. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba. Ba ta taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, kakarsa ce ta goya shi. Ranar kaciyarsa maƙwabta ta tafi ta wuni. Ranar da babur ya karya masa ƙafa yana aji huɗu, aka shigo da shi a hannu, ta ce Allah ya sawwaƙe, ta ci gaba da tankaɗe. Sai da gida ya yi barci ta je ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin har asuba, ba wanda ya sani sai kakar. Haka aka koya mata son ɗan fari. A ciki ake yinsa. Ga shi kuma ranar tana tsakiyar mata biyar masu taya ta suya.

Matar ta ɗaga butar.

"Dutse ka kira mini," ta ce. "Wannan ba ta jin komai. Kwana tara."

Ta juya kafaɗa za ta tafi.

"Tsaya."

Jazuli ne. Yana durƙushe, majina da hawaye sun haɗe masa, hannun ba kyan gani. Ya sake miƙa shi.

"Ki ƙara."

Ya juya wajen wayar. "Inna. Kukanki take so. In ba ki yi ba, abin da ke cikin Juwairiyya za ta ɗauka."

Muryar ta zo can ƙasa, da ƙyar. "Akwai mutane a nan."

"Inna, ta tambaye ni ko kina so na. Na rasa abin da zan ce mata."

Ruwan ya sake sauka.

Wannan karon bai yi ihu ba. Ƙarfin ya ƙare. Wani ɗan sauti kawai ya fita daga bakinsa, siriri, irin na yaron da ya gaji da kuka. Shi ne ya karya ta.

Badamasi ya ce har ya mutu ba zai manta abin da ya fito daga wayar nan ba. Ya ce kamar an tsaga sabon ƙyalle tun daga sama har ƙasa.

"Jazuli!"

Shekara ashirin da shida sunan yana tsare a bakinta. Ya fito gaba ɗaya.

"Jazuli, ɗana. Ki sake mini shi. Ni ki ƙona, ga ni, ga kasko a gabana. Ban taɓa rungumarsa ba. Ina jira, ina jira, ban san me nake jira ba. Allah ya isa in kika kashe mini shi ban rungume shi ba. Jazuli. Jazulina."

Matan da ke gidan sun ce faɗuwa ta yi a ƙasa, ɗankwali ya fita, tana birgima tana dukan ƙirji, ƙuli ya ƙone a kasko ba wanda ya kula. Har daga gidan bayansu aka shigo a guje, an ɗauka mutuwa aka yi.

Matar ta sauke butar. Ta karkata kai, ta lumshe idanun nan, tana saurare kamar mai shan ruwan randa bayan doguwar tafiya. Ta bari aka kira sunan sau bakwai. A na takwas ta miƙa hannu saman wayar, ta dunƙule shi kamar mai kama fara. Sunan ya yanke a tsakiya. Ta ƙulle abin da ta kama a bakin zaninta, ƙulli biyu.

"Ya kai," ta ce. "Wannan zan riƙa ji duk ranar da na tuna nawa."

Ta ɗauki gawar ɗanta, ta rungume a ƙirji. Ta dubi Jazuli.

"Jaririnka naka ne. Kada ka ƙara zuwa inda zan ji warinka."

Ta tafi a kaikaice har gindin karkatacciyar kwakwar. Ramin bai fi bakin kwano ba. Suna kallo, ba ta nan.

Can bayansu ruwan da ya tsaya a sama ya faɗi.

Mota ta tashi da murɗa ɗaya. Ashe kwalta tana nan kusa, ana hango ta. Badamasi ya kai shi asibiti a Badagry, ya ce wa likita butar shayi ce ta kife. An ceci hannun, amma yatsu uku sun manne, sun lanƙwashe ciki. Har yau da hagu yake rubutu. Bidiyon kuwa, Badamasi ya goge shi tun a ƙofar asibiti.

Kwana tara cif Juwairiyya ta sauka. Namiji. Jazuli ya riga ya iso Funtuwa da hannu a naɗe. Da aka ɗora ruwan wanka sai ga shi tsaye a bakin ƙofar ɗakin mai jego, inda namiji ba ya tsayawa. Tsofaffi suka kore shi, ya ƙi tafiya. Ya ji an tsoma yaron. Ya ji kuka, irin kukan kowane jariri da ruwa ya taɓa. Aka fito da shi a tawul, fatarsa lafiya lau. Jazuli ya zauna a ƙasa a wurin, ya kife kai a gwiwa.

Sai a ranar ya iya zuwa gaban mahaifiyarsa. Tun isowarsa yake zagaye gidan, don an riga an gaya masa.

Tun daga tsakar ranar nan Inna Tabawa ba ta ƙara magana ba. Ba ciwo, ba zazzaɓi. Baki na motsi, iska ce kawai ke fita. An je asibiti, an je wurin malamai, an sha rubutu. Muryar ba ta gidan. In za ta kira mutum sai ta tafa hannu.

Ya same ta a tsakar gida, mata cike an zo barka, har an fara shirin suna. Ya durƙusa a gabanta. Ya kasa ɗaga ido.

Ta kama hannun, ta warware ƙyallen a hankali, ta duba yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ta mayar ta naɗe. Sannan ta ɗaga nata hannun ta sharara masa mari, guda ɗaya, wanda sai da masu daka suka tsaya.

Sai ta jawo kansa, ƙaton mutum mai ɗa, ta ɗora a cinyarta a gaban kowa. Ta riƙe shi gam. Bakinta yana ta motsi a saman kansa. Duk wanda ke wurin ya ga abin da take faɗa. Shi kaɗai bai gani ba, kuma ba zai taɓa ji ba.

Masuntan wajen suna cewa akwai wata karkatacciyar kwakwa da ba sa shanya raga kusa da ita. Wai wasu ranaku, in rana ta take tsaka, ruwa yakan yi shiru, sai a ji muryar wata Bahaushiya daga ƙarƙashin rairayi tana kiran suna, tana kira, tana kira.

In tafiya ta taɓa kai ɗayanku hanyar nan, kada ya sauka daga kwalta, balle shi kaɗai, balle da rana tsaka. In kuma ya ji kiran, ya toshe kunne ya wuce. Mai saurarensa tana kusa, kuma har yanzu ba ta huce ba.